RA'AYINMU: Kuɗin Ungozoma, Wa Zai Biya?

A wannan fitowa mun ajiye maganar izinin ginin majami'u da ta filayen maƙabarta, waɗanda suka saba cinye wannan shafi, domin mu taɓa wata magana da ta taso a taron Zumuntar Mata na gunduma bayan kaka, wadda har yau ƙurarta ba ta kwanta ba.

Ga yadda abin ya faru. Wata uwa daga ɗaya daga cikin ƙananan ikkilisiyoyinmu na karkara ta miƙe ta kawo kuka a kan wata 'yar'uwa, ungozomar asibiti wadda ta yi ritaya ta koma ƙauye tana karɓar haihuwa a gidaje. Kukan shi ne ta fara yanka wa mutane kuɗi. Mai kukan ta ce, “Tare muke waƙa, tare muke cin jibin Ubangiji, ashe ranar naƙuda sai an yi ciniki?” Mata da yawa suka goyi bayanta. Ita kuwa ungozomar ba ta yi dogon jawabi ba. Jakarta ta ɗauko, ta zazzage a kan tebur, ta riƙa ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗin inda ta sayo da abin da ta biya. Sannan ta ce yawancin gidajen da ta shiga a bana ko kuɗin safar hannu ba su mayar mata ba, kuma daga ɗan fanshonta take cikewa. Aka tashi ba a daidaita ba. Tun daga ranar wasiƙu da saƙonni suke zuwa mana, wasu na cewa mu tsawata mata, wasu na cewa mu tsawata wa mazaje.

Mun yi addu'a, mun tambayi waɗanda suka san aikin, ga kuma inda muka tsaya: ungozomar tana da gaskiya, ya kamata a biya ta. Amma uwar da ta yi kuka ita ma ba a banza ta yi ba, domin akwai gidajen da ba su da abin biyan, kuma wannan nawaya ce ta ikkilisiya gaba ɗaya.

Da farko mu yarda da halin da muke ciki. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 kaɗai cikin 100 ake yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin 16 ne cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a ƙasar nan a dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan irin wannan mutuwa a duniya. Mu fastoci ba sai an karanta mana lissafi ba, mu ne muke tsayawa a bakin kabari. Shawarar hukumomin lafiya ita ce a haihu a asibiti, mu ma ita muke bayarwa, kada wani ya ce wannan shafi ya halatta zama a gida. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai ikkilisiyoyinmu da idan damina ta sauka rafi yakan raba su da titi, akwai waɗanda bayan faɗuwar rana ba mai fita saboda 'yan bindiga, akwai matan da suka taɓa shan tsawa a ɗakin haihuwa suka yi alkawari ba za su koma ba, ga kuma kunyar haihuwar fari da muka gada. Yawancin masu rubutu a wannan mujalla a ɗaki aka haife mu, a bayan ɗaki aka binne cibiyarmu. Ba mu zo mu zagi iyayenmu mata ba.

A ganinmu tushen rigimar yana cikin sunan kansa. Suna ɗaya ne, ungozoma, amma aiki biyu ne dabam. Ungozomar da muka tashi muka gani tsohuwa ce ta unguwa, sau da yawa ma sai jariri ya faɗo ake aika a kira ta. Ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta tsaya a kan wankan jego. Ladanta sabulu ne, da mudun hatsi, da ɗan abin goro, da rabonta na naman suna. Kunnenmu ya saba da wannan farashi, shi ya sa idan ungozomar asibiti ta ambaci kuɗi sai mu ji kamar ta yi saɓo.

To, mene ne ke cikin waccan jaka? Akwai safar hannu da ba a taɓa sawa ba, da sabuwar reza, da abin ɗaure cibiya, da ledar shimfiɗa, da auduga, da sirinji, da zaren ɗinki idan an ƙaru, da ledar ƙarin ruwa. Waɗannan duka sau ɗaya ake amfani da su a yar. Akwai abin awon jini, da abin sauraron bugun zuciyar ɗan da ke ciki, da 'yar roba mai hura wa jariri iska idan ya fito bai yi kuka ba. Akwai man cibiya mai suna kuloheksidin, wanda ya maye gurbin toka da man goge haƙori da sauran abubuwan da ake shafawa suna jawo ciwo. A cibiya kaɗai ake sa shi, domin an sami jarirai da suka makance saboda an ɗiga musu shi a ido bisa kuskure. Sannan akwai allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar jariri ya fito domin mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Wannan allura sanyi take so, zafin ƙasarmu yana kashe ƙarfinta, saboda haka mai ajiye ta a ƙauyen da ba lantarki sai ta biya kuɗin ƙanƙara ko na firjin wani. Inda ba a iya ajiye ta akan yi amfani da ƙwayar misofurostol, wadda Nijeriya ta yi wa rajista domin wannan aiki tun shekarar 2006. Ƙwaya uku ake sha bayan jariri ya fito kuma an tabbata babu na biyu a ciki. Wanda ya ba mace ita, ko ya yi mata abin da ake kira allurar naƙuda, alhali ɗan yana ciki, yana iya fasa mata mahaifa. Muna faɗin wannan da babbar murya domin mun san akwai masu kemis da ke yin haka da sunan taimako, kuma arahar kuɗinsu ce ke jan mutane.

Abin da ya fi kayan jaka tsada shi ne idon mai jakar. Shekara uku ake yi a makarantar ungozoma kafin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta ba mutum lasisi. Abin da ake koya a shekarun nan shi ne gane lokacin da abu ya fara lalacewa tun waɗanda ke ɗakin ba su lura ba. Ku ɗauki zubar jini. Ma'aikatan lafiya suna cewa idan mace ta zubar da rabin lita bayan haihuwa an shiga haɗari, rabin lita kuwa ledar ruwan sha ɗaya ce tak, irin wadda yara ke talla a tasha. A cikin tsummoki da hasken tocila wa zai auna wannan? Kuma mace na iya rasuwa cikin awa biyu idan ba a tsayar da jinin ba. Wani babban bincike da aka buga a shekarar 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya nuna cewa auna jinin da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna gaba ɗaya ba tare da jira ba, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin 100. A asibitoci aka yi wannan bincike, inda ake da fitila da ma'aikata. Idan har a can ido yana ruɗuwa sai an auna, ina ga ɗakin da ba kowa sai kaka da maƙwabciya?

Saboda haka idan 'yar'uwa ta tashi da ƙarfe biyu na dare, ta hau acaɓa a kan kuɗinta, ta durƙusa awa takwas a ɗakin wani, ta dawo washegari da jibi ta duba uwa da jariri, ba ta yi laifi ba idan ta ce a biya. Littafi Mai Tsarki bai raina wannan aiki ba. A Fitowa sura 1 an rubuta sunayen ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, alhali sunan Fir'aunan da ya ba su umarnin kisa ba a rubuta shi ba, kuma nassin ya nuna Allah da kansa ya sāka musu da iyali. Koyarwar Ubangiji a Luka 10:7, wadda Bulus ya maimaita a 1 Timoti 5:18, a kan hakkin ma'aikaci take. Mu fastoci mun haddace ayar nan sarai, mukan tuna da ita duk lokacin da majalisar dattawa ta zauna a kan albashinmu. Ba daidai ba ne mu manta da ita ranar da ta shafi mace mai jaka. Yakubu 5:4 kuwa gargaɗi ne mai zafi ga masu danne ladan waɗanda suka yi musu aiki. Akwai kuma lissafi mai sauƙi: ungozomar da ba a biya ba jakarta za ta ƙare, ranar da ta ƙare kuwa ba ita za ta zubar da jini ba.

Amma muna da magana da ungozomomin su ma, kuma muna roƙo su karɓe ta da ƙauna. Kuɗi a faɗe shi da wuri, tun ciki yana wata biyar ko shida, a gaban miji, a bayyana abin da ya ƙunsa: kaya nawa, zuwa nawa, da duba bayan haihuwa ko babu. A yarda da biya kaɗan kaɗan, a yarda da hatsi ko akuya a inda kuɗi ba ya hannu sai kaka. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne a tsaya ciniki a ƙofar ɗaki mace tana murƙususu. Wadda kuma ba ta da lasisi kada ta bari a kira ta da sunan da ba nata ba. Ba duk mai farar riga ce ungozoma ba, kuma dattawan ikkilisiya suna da ikon su ce a nuna musu takarda, ba raini ba ne.

Akwai wani abu guda da muke so iyalai su gane, domin a nan rayuka suke salwanta. A wurare da yawa al'adar ita ce sai an haihu a hannun ungozoma ake biyan ta. Idan ta ce a tafi asibiti sai a ce ai ba ta yi komai ba. Ku duba jarabar da muka ɗora mata. Mun mayar da faɗin gaskiya asara a gare ta, mun mayar da jinkiri riba. Mace mai tsoron Allah za ta ce a tafi ko da za ta yi asara, amma bai kamata mu gwada ta haka ba. Shawararmu ita ce a biya ta cikakken kuɗinta ko an haihu a ɗaki ko ta raka mai naƙuda asibiti. Ranar da ta ce “ku nemo mota yanzu”, ranar ce ta fi cancantar ladanta.

Domin hannun ungozoma yana da iyaka. Rahila matar Yakubu tana da ungozoma a gefenta a hanyar Efrata, har tana ƙarfafa ta, duk da haka ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu (Farawa 35:16-20). Komai gwanintar ungozoma ba ta yin tiyata a ɗaki, ba ta ƙara jini a ɗaki. Akwai matan da ko an biya ninki goma bai kamata a karɓi haihuwarsu a gida ba: yarinya mai cikin fari, wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, wadda ta haihu biyar ko fiye, mai tagwaye, wadda ɗan ya kwanta a gicciye ko ya zo da ƙafa, mai hawan jini ko kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, wadda ta ga jini tun ciki bai isa ba, mai ƙarancin jini, mai sikila. Yawancin waɗannan a wurin awon ciki ake gane su, shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas. Haka nan idan naƙuda ta wuce awa goma sha biyu, ko mabiyiya ta ƙi fita, ko jijjiga ta kama mace, zaman gida ya ƙare. Duk wanda ya taɓa kai ziyara asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, ko sashen da ke asibitin Evangel a Jos, ya ga abin da doguwar naƙuda take bari: yarinya ta rasa ɗa, ta dawo da lalura, sau da yawa miji ma ya juya baya.

Wannan ya kawo mu ga kuɗin da ba a cika lissafawa ba, wanda kuma ya fi na ungozoma nauyi. Masana sun daɗe suna magana a kan jinkiri uku da ke kashe mata: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannunmu suke, kuma kuɗi ne a ƙarƙashinsu. Miji ya yi shiru yana cewa a ɗan ƙara jira, ba don ba ya ƙaunar matarsa ba, sai don ya san aljihunsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, shatar mota da dare ta zama abin da ake sayar da dabba a yi. Haihuwar gida da ake gani araha ce, araha ce kawai idan komai ya tafi daidai. Idan bai tafi ba, za a biya mota, a biya jini, a biya tiyata, a kan farashin gaggawa.

A nan dole mu juyo ga 'yan'uwanmu maza. Ciki ba ya zuwa da mamaki, wata tara yake ba da sanarwa. Mun ga gidajen da aka ɗaure ragon suna tun ciki yana wata bakwai, aka fitar da anko, aka yi odar lemo da kujeru da rumfa, amma da aka tambayi kuɗin mota sai aka ce Allah zai tanada. Allah yana tanadi, hakika, sau da yawa kuma ragon nan ne tanadin da ya yi. Ubangiji ya yi misali da mai ginin hasumiya da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi (Luka 14:28). Ba mu hana bikin suna ba, mu ne ma muke zuwa mu sa albarka mu ci shinkafa. Muna cewa ne a fara ware na ungozoma da na mota a ba matar ko wata amintacciya ta riƙe, abin da ya saura a yi biki da shi. Haka kuma miji ya bar izini tun da wuri, cewa ko ba ya nan a fita da matarsa. Masu cewa zuwa asibiti rashin bangaskiya ne, ko masu tsare mai naƙuda a gidan addu'a har gari ya waye, muna tuna musu cewa Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. A yi addu'ar a cikin mota.

Wasu za su ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma an yi ƙoƙari iri iri. Jihar Kano ta ayyana kula da masu ciki kyauta tun 2001, wasu jihohi suka bi. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara shirin tura ungozomomi zuwa ƙananan asibitocin karkara, har da waɗanda suka yi ritaya. Shirin SURE-P da aka fara a 2012 ya riƙa ba mata har naira 5,000 idan sun cika awo suka haihu a asibiti, ya tsaya a 2015. Jigawa ta yi shirin Haihuwa Lafiya mai ba ƙauyuka motar ɗaukar masu naƙuda, a wasu jihohi kuma direbobin ƙungiyar NURTW sun ɗauki wannan aiki na sa kai. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka sa cikin shirin. Hakkinmu ne mu nemi waɗannan abubuwa kamar kowane ɗan ƙasa, kuma ya kamata kowane sakataren ikkilisiya ya je ya tambayo wane asibiti mafi kusa ne yake cikin shirin, da takardun da ake bukata, tun kafin ranar bukata. Sai dai shiri yakan zo ya wuce da gwamnatin da ta kawo shi, kuma ko a inda aka rubuta kyauta a bango, sau da yawa akan miƙo wa miji 'yar takarda ya je ya sayo kaya. Babu kuma ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan da ke biyan ungozomar da ta zo ɗakinka da dare.

To, wa zai biya wa gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar ta da ciki, ko iyalin da aka kora daga gonarsu? Mu ne. Ikkilisiyar da ke da asusun gini, da asusun kayan kiɗa, da asusun jana'iza, ba ta da hujjar rasa asusun haihuwa. Abin kunya ne a ce mun fi shiri domin binne mace fiye da ceton ta. Muna ba da shawara a ware wani kaso daga baikon godiya na kaka, ko kowane gida ya ƙara mudu ɗaya da wannan suna, a sayar a lokacin da hatsi ya yi daraja. Zumuntar Mata ta riƙe asusun, domin su suka san wadda ke da ciki tun kafin fasto ya sani, mutum biyu su sa hannu, a karanta rahoto a gaban jama'a kowane wata uku. Mai hali ya ranta ya mayar bayan kaka, marar hali a yafe masa ba tare da an kira sunansa a bagade ba. Wani ɓangare na kuɗin kuma ya kwana a gida a hannun ma'aji, domin banki ba ya buɗewa da tsakar dare.

Ikkilisiyoyin birni suna da nasu rabo. Ɗaki ɗaya a harabar majami'a, da tabarma da gidan sauro, ya isa ya sauki 'yar'uwa daga ƙauye a makonnin ƙarshe na cikinta, ta zauna kusa da asibiti maimakon ta jira dare da rafi. Matasanmu da ke cika filin ƙwallo su je a gwada rukunin jininsu a rubuta a littafi. A kuma yi magana da mai mota tun yanzu, a san kuɗinsa, a riƙe lambarsa. A ƙauyuka da yawa mai motar nan maƙwabcinmu Musulmi ne, kuma muna da shaidar waɗanda suka tashi da dare suka kai matanmu ba su tsaya tambayar addini ba. Haka ita ma ungozomarmu tana shiga gidajensu. Idan asusun ya yi ƙarfi, kada a rufe shi ga maƙwabciyar da ta ƙwanƙwasa.

Sauran magana ita ce ta gaba. 'Yar'uwar da ta zazzage jakarta a taro ta haura shekara sittin, idonta ya fara rauni, kuma a duk yankin babu wadda take koya a hannunta. Akwai karatun ungozomar karkara, wanda bai kai na shekara uku tsawo ba, an tsara shi ne domin 'yan mata da za su koma su yi wa garinsu aiki. Muna da 'ya'ya mata da suka gama sakandare da sakamako mai kyau suna zaune a gida. Muna roƙon kowane sakataren gunduma ya zo taron majalisa mai zuwa da abu biyu a rubuce: sunayen ungozomomi masu lasisi da ke yankinsa, da sunan yarinya ɗaya da ikkilisiyoyinsa suka yarda za su haɗa hannu su biya wa makaranta.